Gadar Kennedy da bakin ɗalibi: abin da ya faru kafin 9 ga Fabarairu da bayanta



Duk wanda ya zauna bisa benci a kolej ko lise a ƙasar nan ya san ranar 9 ga Fabarairu. Mu dai a zamaninmu, da hantsi sai ka ji usur daga bakin ƙofar lakwal, manyan ɗalibai su shigo aji ba sallama, musshe ya tattara allinsa ya fita bai ce uffan ba. Mu kuma murna, yau ba karatu. A jera mu cikin rana, wani ya hau tebur ya karanta doguwar takarda da Faransanci, a kira sunaye uku, a yi shiru na minti ɗaya, kowa ya kama hanyar gida. Gaskiya ba mu san abin da ake tunawa ba. Sai da muka girma, muka shiga aikin rediyo, muka fahimci cewa makirfon da muke riƙewa kullum yana da alaƙa da sunayen nan uku.

Mu ba mu yi jami'a ba, a lise muka tsaya. Amma tambayar da muke so mu duba yau ta shafi kowane gida da ke da ɗa ko ɗiya a jami'ar gwamnati: ina ne iyakar maganar ɗalibi, kuma wa ke shata ta?

Sai an fara da taswirar Yamai, don wanda bai san garin ba ba zai gane labarin ba. Kogin Kwara ya raba birnin biyu. Fadar shugaban ƙasa, majalisa, ofisoshin ministoci, duk suna gaɓar hagu. Jami'a kuwa tana ƙetaren ruwa, a Harobanda. An kafa ta a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama Jami'ar Yamai a 1973. Kuma tun daga 1970 har 2011, hanya ɗaya tak ke haɗa gaɓoɓin biyu ga mai mota ko mai ƙafa, ita ce gadar Kennedy. Ke nan ɗalibi yana iya yin ihu iya ƙarfinsa a cikin kampus, ba wanda zai ji shi sai ɗan uwansa ɗalibi. In yana so masu mulki su ji, dole ya hau gadar nan. Wanda ya tare bakin gada ya tare maganar baki ɗaya, ba sai ya rubuta wata doka ba.

Ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, ta girmi jami'ar, don tun 1960 take. A zamanin Diori Hamani jam'iyya ɗaya ce, PPN-RDA, an riga an haramta Sawaba tun 1959. Jarida ta gwamnati, rediyo na gwamnati. A irin wannan yanayi ƴan makaranta ne kawai suka rage masu iya taruwa da yawa su ce ba su yarda ba. Lokacin da shugaban Faransa Pompidou ya kawo ziyara Yamai a Janairun 1972, tarbar da ya samu daga ƴan makaranta har da jifa da tumatir. Yajin karatu ya yi ta maimaituwa a 1972 da 1973, ga fari da yunwa sun dabaibaye ƙasa, har soja suka kifar da Diori ranar 15 ga Afirilu 1974.

Da farko ɗalibai sun yi maraba da Seyni Kountché, amma zumar ba ta daɗe ba. Iyayenmu suna ba mu labarin wannan zamani da murya ƙasa-ƙasa har yau, kamar wani na laɓe bayan zana. Akwai ƴan sandan ciki da ake kira Kordinasiyo, kowa na zargin na kusa da shi. Matashin da ke son magana an buɗe masa ƙofa ɗaya, Samariya, inda ake wasan kwaikwayo da aikin gayya da yabon ƙasa. A watan Mayu 1983 rikici ya tashi a jami'a, aka kwashi ɗalibai aka kai su barikin soja na Tondibiya. Ɗaya daga cikinsu, Amadou Boubacar, bai fito da rai ba. Daga nan ƙungiyar ta koma aiki a ɓoye. Filin da ɗaliban Yamai ke yin babban taronsu har gobe, wanda suke kira Plas AB, sunansa ne yake ɗauke da shi. Da yawa daga masu zama wurin suna shan shayi ba su san me haruffan biyu ke nufi ba.

Kountché ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibou ya gaje shi. Shi mutum ne mai sassauci, ya saki fursunonin siyasa, ya kawo abin da aka kira dekirispasiyo, wato a saki jiki. Mutane suka fara magana a tasha da majalisar shayi. Sai dai sakin jikin yana da iyaka: a 1989 aka kafa MNSD a matsayin jam'iyya ɗaya tilo, aka yi zaɓe a watan Disamba da ɗan takara ɗaya. Kana iya ƙorafi, amma ba ka da inda za ka kai ƙorafin.

Ga kuma aljihun gwamnati ya bushe. Kuɗin uraniyom da aka gina manyan benayen Yamai da su sun faɗi tun farkon shekarun 1980, ƙasa ta shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Cikin sharuɗɗan da aka kawo akwai wani shiri na ilimi da ake kira Projet Éducation III. Manufarsa a karkata kuɗi zuwa firamare, a rage abin da ake kashewa kan sakandare da jami'a, a taƙaita bursu. Ga batun ɗaukar aiki kai tsaye, wanda a da duk mai digiri yake da tabbacinsa, shi ma yana shirin zama tarihi. A takarda hujjar tana da ma'ana, don yawancin yaran ƙasar ko aji ɗaya ba su taɓa shiga ba. Amma ka duba ta idon ɗan talaka da ya taso daga Tasawa ko Magarya ko Madawa. Bursun nan shi ne abincinsa, shi ne kuɗin motarsa, wani ma daga ciki yake aika wa tsohuwarsa. Kuma ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa. An tsara abin tsakanin ofis da ofis.

Ranar Juma'a 9 ga Fabarairu 1990 ɗalibai suka fito daga kampus, suka hau gada za su ƙetara cikin gari su kai kukansu. Jami'an tsaro na jiransu a ɗaya bakin. Aka buɗe wuta. Gwamnati ta amsa mutuwar mutum uku: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Wasu da dama sun ji raunuka. Ka tuna wuri ne da ba shi da kwana: gaba bindiga, baya cunkoson ƴan uwanka, dama da hagu ruwa.

A nan ne lissafin masu mulki ya ɓaci. Da a zamanin Kountché ne, mai yiwuwa a rufe jami'a, a kora kowa garinsu, magana ta mutu. Amma a 1990 mutane sun riga sun ɗanɗani sakin baki, kuma labari ya bazu ta BBC da Muryar Jamus da RFI, tashoshin da kowane mai shayi ke kamawa. Mako guda bayan haka, ranar 16 ga Fabarairu, uwar ƙungiyar ƙwadago USTN ta fito da jama'a kan titi, ma'aikata da iyaye da ƴan kasuwa. Maganar ta tashi daga bursu ta koma kan wa ya ba da umarnin harbi, daga nan ta koma kan wa ya ba ku mulkin ma tukuna. A wannan watan ne maƙwabciyarmu Benin ta yi nata taron ƙasa, kowa na saurare. A watan Mayu jaridar Haské ta Ibrahim Cheick Diop ta fito, jarida mai zaman kanta ta farko a wancan zamani. Ranar 15 ga Nuwamba 1990 Ali Saibou ya amince da jam'iyyu da yawa. Mata suka yi nasu tattakin ranar 13 ga Mayu 1991 don a ba su kujeru a shirin taron. Sai taron ƙasa kansa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin Farfesa André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa yanzu.

Abin da ke ba mu mamaki duk lokacin da muka koma kan tarihin nan shi ne matsayin da ɗalibai suka samu a taron. Ƙungiyar da shekara biyu baya take taro a ɓoye, sai ga ta zaune da ƙuri'arta daidai da ta gwamnati, daidai da ta ƴan ƙwadago. Yaro mai shekara ashirin da ƴan kai yana yi wa kanar tambaya, ana watsawa a rediyo, tsoho a Dakwaro yana ji. An karɓe iko daga hannun Ali Saibou aka bar masa kujera kawai, Amadou Cheiffou ya zama firaministan riƙon ƙwarya. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin hasken rana da ya shugabance ta, wanda ya rasu a 1991. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, R&M a 1994, Anfani a 1995. Shi ya sa muka ce makirfonmu na da alaƙa da gadar nan. Ba don ita ba, da yau sanarwar gwamnati kawai muke karanta muku.

To, da a nan labarin ya ƙare da mun ji daɗi. Amma a watan Maris 1994, shekara guda kacal bayan zaɓen Mahamane Ousmane, a ƙarƙashin gwamnatin da gwagwarmayar ɗalibai ta taimaka ta haifa, wani ɗalibi, Harouna Tahirou, ya rasa ransa a wata arangama da jami'an tsaro. Wannan karon ba soja ke mulki ba. Cikin masu mulkin akwai tsoffin kamarad, mutanen da suka san Plas AB kamar tafin hannunsu. Tun daga lokacin abin ya zama kamar al'ada: wanda ya yi ihu a kampus jiya, in ya zama minista yau, shi ne zai ce ɗalibai sun wuce gona da iri, ana amfani da su, akwai ƴan adawa a bayansu. Kalmomin da aka jefe shi da su, su yake jifa da su.

Akwai wata ƙa'ida da muka gada daga tsarin Faransa, faranshiz inibersiter. Ma'anarta a sauƙaƙe: harabar jami'a wuri ne na ilimi da muhawara, ɗan sanda ko jandarma ba ya shiga sai shugaban jami'a ya kira shi. Hikimar ita ce malami ya koyar ba tare da tsoro ba, ɗalibi ya yi tambaya ba tare da ya waiwaya ba. Kusan duk rikicin da aka yi daga 1990 zuwa yau, in ka tone shi, a kan ƙa'idar nan yake. Kuma gwamnatoci sun gano cewa ba sai sun hana magana kai tsaye ba. Dokar 2004 kan zanga-zanga ta ce a sanar da hukuma kafin a fito, hukumar gari kuma tana iya hanawa in ta ce akwai barazana ga zaman lafiya. Sai a hana. In ɗalibai sun fito duk da haka, sun karya doka. Sai a rufe kampus, a rufe resto, a ce kowa ya bar ɗakin kwana kafin dare. Ɗan Yamai ya koma gidansu. Ɗan Tanut ko Ɓagarwa fa, ina za shi? Masallaci ko tasha. Wannan horon ya fi kowace doka sa mutum ya yi shiru.

Haka aka yi ranar 10 ga Afirilu 2017, wannan kam da idonmu muka gani, muna bakin aiki. Ɗalibai suka fito kan bashin bursu da yanayin karatu, jami'an tsaro suka shiga kampus na Yamai da barkonon tsohuwa, Mala Kelloumi Bagalé, ɗalibin sosiyoloji, ya rasu. Hukuma ta ce faɗuwa ya yi, ɗalibai suka ce gwangwanin hayaƙi ne ya same shi. Aka kama ɗaruruwa, aka rufe kampus na Yamai da na Maraɗi. Bambancin 2017 da 1990 shi ne waya. Wani bidiyo ya fito yana nuna ƴan sanda suna dukan ɗalibi a bayan mota, ya zagaye WhatsApp na ƙasar nan. Ba a iya musanta shi ba. Cikin kwanaki shugaba Issoufou ya gana da shugabannin ɗalibai, aka sake buɗe kampus, aka canza wa ministan ilimi mai zurfi Mohamed Ben Omar ma'aikata, daga baya kotu ta ɗaure ƴan sanda uku shekara guda. A ranar ba a ƙetare gada ba, amma maganar ta ƙetara.

Yanzu ga ɓangaren da wasu kamarad ba za su so ji ba, amma in muka tsallake shi mun yi rabin gaskiya. Ba gwamnati kaɗai ke toshe baki a jami'a ba. A cikin kampus na Yamai ƙungiyar ɗalibai tana da nata masu tsaron oda, CASO. An kafa su don tsara layin abinci da na bas da kare ɗalibai, kuma sun yi wannan aikin. Amma duk wanda ya zauna wurin zai faɗa maka cewa a wasu lokuta ɗalibin da bai yarda da yajin karatu ba, ko ya soki shugabannin ƙungiya, tsoron ƴan uwansa yake ji fiye da tsoron jandarma. Mu ma mun ɗanɗana a lise: ranar da aka busa usur, wa ya isa ya ce shi yana so ya zauna ya gama darasi, ko da jarrabawar bak ta rage wata biyu? Mun taɓa gayyatar wata ɗaliba shirinmu kan yajin karatu, ta yarda da sharaɗin kada mu faɗi sunanta ko sashenta. Muka ɗauka hukuma take tsoro. Ta ce a'a, a ɗakin kwanan ɗalibai take kwana.

A watan Fabarairu 2018 abin ya fashe. Aka yi hatsaniya tsakanin wani malami da ƴan CASO, sandikan malaman jami'a SNECS ya shiga yajin aiki, hukumar jami'a ta kori shugabannin ɗalibai biyar, aka kuma amince jami'an tsaro su zauna cikin harabar. Ka ga yadda abin ya juya: malamai, waɗanda aka yi faranshiz don kare su, su ne suka nemi a shigo da masu kaki. Kowane ɓangare yana cewa ƴancinsa aka taka, kuma a ganinmu kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ya ci riba shi ne na uku. Ba a daɗe ba gwamnati ta taso da batun cewa ita za ta riƙa naɗa shugabannin jami'o'i, maimakon zaɓen da malamai da sauran ma'aikata da wakilan ɗalibai ke yi. SNECS ya yi yajin aiki wata da watanni, amma a 2019 majalisa ta amince da dokar. Ku haɗa biyun: ƙa'ida ta ce jandarma ba ya shiga sai rektar ya kira shi, rektar kuma yanzu gwamnati ce ke naɗa shi, ita ke iya cire shi.

A wannan shekarar ta 2019, a watan Yuni, aka yi dokar laifukan intanet, mai hukunta ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a. Wannan jimla ta ƙarshe faɗinta ya kai a zuba kusan komai a ciki. A 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni 2024 aka maido da shi. Dokar ba ta ambaci ɗalibi ba, amma wa ya fi ɗalibi rubutu a Facebook? Kuma waya ba ta san faranshiz ba. Abin da ka faɗa a anfi gaban mutum ɗari biyar yana iya wucewa, shi ɗin dai in ka rubuta shi a gurup na ajinku wani ya ɗauki hotonsa, ya zama hujja a gaban alƙali.

Ba muna cewa jami'a ta zama wurin da ba doka ba. Wanda ya ƙona taya ya tare hanyar asibiti, ko ya fasa motar bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ba magana yake yi ba, ɓarna yake. Wanda ya yi wa malami ko ɗaliba ƙazafi a intanet, akwai hakki a kansa. Inda muke da ja shi ne a haɗa mai jifa da mai tambaya a zuba su mota ɗaya. Ɗalibin da ya ce ina bursunmu na wata shida, ko me ya sa shekarar karatu ɗaya take cin wata goma sha takwas, tambaya ya yi, kuma a jami'ar da aka gina da harajin ubansa.

Yau batun ya bar Yamai kaɗai. Tun 2010 akwai jami'a a Maraɗi, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, da ta Damagaram, da ta Tawa mai sunan Djibo Hamani. A 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ƙannenmu ne a ciki, a unguwanninmu suke haya, mu ne muke ganinsu da safe suna jiran bas. A garuruwan nan ba kogi tsakanin kampus da ofishin gwamna. Idan suka kira shirinmu kai tsaye, sau da yawa jimlarsu ta farko ita ce: don Allah kada a faɗi sunana.

A Yamai kuwa gadoji uku ne yanzu, ta biyu ta 2011 da ta uku ta 2021, wadda aka sa wa sunan Seyni Kountché. Kowace 9 ga Fabarairu USN tana fitowa ta karanta sunayen Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou, kuma kowace shekara cikin takardar akwai buƙata ɗaya da ba ta canzawa tun 1990: a gurfanar da waɗanda suka yi harbin da wanda ya ba su umarni.